Ƙwai a Kan Fatar Ido

SHAFI NA 31

Ku da kuka hana wayata sakat tun safe, to ga shi nan, ku sarara min. Ke kuma baiwar Allah da kika ce in wani abu ya sami Baba za ki fice daga zauren nan, ki nemi wuri ki zauna tukuna.

*

Takardar ba ta wuce shafi uku ba, amma Auta ta fi minti goma tana kallonta ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Fanka na ta kaɗawa a saman ofishin, ita kuwa zufa ce ke bin bayanta.

Barista, lauyar da ta riƙe mata shari'ar tun farko, ta zare tabarau ta ajiye a kan fayil.

"Na gan ki ke kaɗai. Baba na ce ki kawo min."

"Ba zai samu zuwa ba."

"Dalili?"

"Yau kwana sha takwas da zuba ƙwai. Ranar juye su cikin kwandunan ƙyanƙyasa ce, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa."

Barista ta ƙura mata ido.

"Kin dai gaya masa abin da ake ciki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Auta! Sati biyu takardun nan suna hannunki fa!"

"Haba Barista. Mutumin da in ɗan tsako ɗaya ya mutu sai jininsa ya hau? Shi zan je in ce wa an rubuta wa kotu wai maƙaryaci ne? Ai gara ki ce in je in haƙa masa kabari."

Bari in ɗan tuna wa masu mantuwa, don na san halinku. Bara ne na'urar daidaita zafi da Injiniya ya haɗa wa gidan ƙyanƙyasarsu ta lalace, ta dafa ƙwai dubu goma sha biyu a cikin inji, yini guda tak. A takardar aikin an rubuta cewa in rigima ta taso ba kotu za a je ba, mai sasanci za a ɗauko, kuma Auta da Injiniya duk sun sa hannu cewa ya yanke abin da ya ga shi ne adalci. Mai sasancin, wani tsoho, ya zauna da su kwana shida. Auta ta nemi kuɗin 'yan tsaki dubu goma sha biyu cif, da ribar shekara guda ta masu sari da suka gudu. Injiniya ya ce in ma zai biya, kuɗin ɗanyen ƙwai ne na kasuwa. Mai sasanci bai bi kowa ba. Ya ce ba kowane ƙwai ke zama tsako ba, ya ɗauki takwas cikin goma. Ya cire kuɗin rigakafi da na kwali tunda ba ta kashe su ba. Ribar shekara ya ce wannan hasashe ne, ya ba ta ta wata biyu.

Sannan ya zo kan tambayar da ta raba gardama: shin akwai wanda zai iya ceton ƙwan ranar?

Injiniya ya ce zafin a hankali ya hau, da an duba ma'auni da sha biyun rana, ko da ƙarfe biyu, buɗe ƙofar inji kaɗai ya isa. Baba ya miƙe ya rantse cewa ya duba da idonsa. Ga littafin awo nan, da hannunsa ya rubuta: sha biyu, 37.5, ƙarfe biyu, 37.5. Mai sasanci ya dubi furfurar dattijo, ya gaskata shi. Ya ɗora wa Injiniya kashi huɗu cikin biyar na asarar, ya bar wa Auta kashi ɗaya saboda ba ta sa ƙararrawar gargaɗi ba. Ranar har rawa Auta ta taka a tsakar gida.

Yau kuwa Auta ta ɗago ta dubi Barista.

"Ke da bakinki kika ce min ba a ɗaukaka ƙarar hukuncin sasanci," ta ce.

"Kuma ban yi miki ƙarya ba. Da su Injiniya cewa suka yi diyyar ta yi yawa, ko tsohon bai iya lissafi ba, alƙali ko shafi na biyu ba zai buɗe ba. Kotu ba ta sake auna diyya. Ƙofofin 'yan kaɗan ne. A ce an saye mai sasanci, ko an hana wani ya kare kansa, ko an ci nasara da shaidar zur." Ta ƙwanƙwasa fayil da biro. "Ta ƙarshen suka biyo."

Ta zaro wata takarda ta tura gabanta. Kwafin katin asibitin ido ne. Ga sunan Baba, ga shekarunsa, ga kwanan wata, wata biyar kafin ƙwan su lalace. A ƙasa likita ya rubuta: yanar ido ta rufe masa ido biyu, ba ya karanta ko manyan baƙaƙen layin farko na allon gwaji, yana buƙatar aiki.

Auta ta ture katin kamar ya ƙona ta.

"Na bogi ne. Wallahi na bogi ne. Mutumin da ke zaƙulo ƙwai mai tsaga a cikin kiret talatin? Idon Babana ya fi nawa."

"To Allah ya sa. Amma in ba na bogi ba ne fa?"

"Na ce miki..."

"Na ji abin da kika ce. Ki saurari nawa. In katin nan ya tabbata, za a rushe hukuncin, ku koma farko kamar ba a yi komai ba. Wannan shi ne mai sauƙin."

Auta ta gyara zama.

"Mai wuyar fa?"

"Rantsuwa ya yi, Auta. Alƙali na iya miƙa fayil ga 'yan sanda. Shekara saba'in da ɗaya ba ta hana a tsare mutum."

A tsare Baba? Baban da ba ya iya barci sai da filo biyu saboda numfashi? Wanda in ba ita ta ƙirga masa ƙwayoyin maganinsa a tafin hannu ba mantawa yake yi? Ta hango shi zaune a kan siminti, ba hula, cikin yaran da suka yi jika da shi. Ta runtse ido. Kuɗin nan wallahi su tafi, ita dai kar a taɓa mata uba.

"Me zan yi?"

"Yau ce ranar ƙarshe ta mayar da martani, ƙarfe biyu ake rufe karɓar takardu. Dole wani ya rantse cewa abin da suka faɗa ba gaskiya ba ne. Tunda ba ki kawo shi ba, ke ce. Amma kafin nan, ga waya. Kira shi ki tambaye shi."

"In ce masa me? Baba wai kai makaho ne?"

"Ki nemi yadda za ki faɗa."

"Ba zan iya ba. Ni ce ke tare da shi kullum. In ban san idon ubana ba, wa zai sani?"

Barista ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da tabarau.

"To buɗe kunnenki. Layi na shida na takardar rantsuwar da za ki sa wa hannu: 'Ni da idona nake ganin mahaifina yana karanta ma'aunin zafi kowace rana.' Haka ne?"

"Haka ne."

"Yana karantawa, ko yana tsayawa a gabansa?"

"Kai Barista! Ke wai lauyata ce ko tasu?"

"Taki ce, shi ya sa nake tambaya. Kuma ga wani abin da ya tsaya min a rai. Asibiti ba ya ba wa bare katin mutum. Ko dai ƙirƙirarsa suka yi, ko wani na gida ne ya miƙa musu."

"Shi ya sa na ce miki ƙirƙira ce. Ba ni biro."

Ofishin na kallon kotu ne, titi kawai suka tsallaka. Jami'in rantsuwa ko ɗago kai bai yi ba, yana taunar murfin biro ya ce ta ɗaga hannu. Ta ɗaga, ta maimaita abin da ya ce, ta sa hannu a wuri uku. Ya ɗauki hatimi ya buga. Tim!

Ƙarar nan a ƙirjinta ta sauka.

*

Abin haushi, sai da aka buga hatimin sannan ƙwaƙwalwarta ta fara aiki.

Tana zaune a bayan tasi, an tsaya a cunkoso, sai ga abubuwa suna zuwa mata ɗaya bayan ɗaya ba ta gayyace su ba.

Yaushe Baba ya daina tuƙi? Bara waccan. Ya ce direbobin yanzu ba su da tarbiyya, ta ce gaskiyarsa.

Yaushe ya fara ɗora yatsa a bakin kofi in zai zuba ruwan zafi? Ta yi masa tsiya a kai, ya ce sabon salo ne.

Saƙon waya fa? "Auta, karanta min, 'yan ƙananan baƙaƙen nan ciwon kai suke sa ni."

Sai ta tuno ranar da ya tsaya ya yi wa rigar ruwa da aka rataye a ƙofar sito cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar iyali. Ma'aikata suka dinga dariya har da riƙe ciki. Shi ma ya yi dariyar, ya ce gwada su yake yi ya ga ko suna aiki ko kallonsa. Ita ce ma ta fi kowa dariya.

"A'a," ta faɗa a fili. "A'a, a'a."

Direba ya leƙo ta madubi.

"Hajiya, ba nan ba ce hanyar?"

"Nan ce. Don Allah ka yi sauri."

Ƙarfe biyu da rabi ta tura ƙofar gidan ƙyanƙyasa. Ma'aikata sun fita cin abinci. Ba abin da ake ji sai gurnanin injina da warin nan na ɗumi da ta tashi a cikinsa. Baba na can ciki, ya naɗe hannun riga, yana kwashe ƙwai daga tire yana jerawa a kwando, bibbiyu, a nitse, ba ya ko laluba.

Ganin haka sai ta ji sanyi a ranta. Wannan ne makaho? Allah ya isa tsakaninta da Injiniya.

Har ta buɗe baki za ta yi sallama, sai ta fasa. Ta cire takalmi, ta damƙe makullanta don kar su yi ƙara, ta tako ta tsaya a gefen inji, taku huɗu tsakaninsu, fitila na haska ta sosai.

Baba ya ɗago. Ya dubi sashen da take. Ya mayar da kai ya ci gaba da aiki.



A hankali ya zaɓi ƙwai ɗaya daga tsakiyar tire, ya rufe ido, ya ɗora shi a kan fatar idonsa. Ya yi jim. Ya gyaɗa kai ya mayar. Tun tana 'yar mitsitsiya take ganin wannan, haka magabata ke auna ɗumin ƙwai kafin a san wani ma'auni. Ta ɗauka ya daɗe da bari.

Ma'aunin na rataye a ƙusa jikin gilashin ƙofar inji. Ta miƙa hannu ta zare shi, ta ɓoye a bayanta.

"Salamu alaikum, Baba."

Ya ɗan zabura, sai kuma ya washe baki.

"Amin alaikumus salam. Auta ta Baba! Yau kuma sanɗa kike min kamar mage? Ina kika shiga tun safe?"

"Cikin gari na je. Sannu da aiki." Muryarta ta so ta tona ta, ta yi gyaran murya. "Baba, na baro tabarauna a mota. Duba min, nawa ma'auni ya nuna?"

"Ke da ƙuruciyarki? To bari tsoho ya duba miki."

Ya goge hannu a tawul. Ya tako daidai, taku uku, bai yi tuntuɓe da komai ba. Ya sunkuya a gaban gilashi, ya kai fuska kusa da ƙusar, ya ɗan ƙanƙance ido kamar yadda ta saba ganinsa kullum.

"Talatin da bakwai da rabi. Lafiya lau."

Ƙusa ce kawai a wurin.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Me ya faru?"

Ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin, ta ɗora masa ma'aunin. Yatsunsa suka shafa shi daga sama har ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya lalubo kujerar roba ya zauna, kamar wanda aka sauke wa kaya daga ka.

"To," ya ce. "Alhamdulillahi. Na gaji da ma."

Auta ta zube a gabansa.

"Tun yaushe, Baba?"

"Ya kusa shekara biyu. Haske nake gani, da inuwar mutum in ya motsa. Baƙi kam sai dai a ba ni labari."

"Littafin awon fa?"

"Hannu ya saba. Layi nake bi da yatsa."

"Ƙwai mai tsaga?"

"Kunne. In na ƙwanƙwasa biyu, mai tsaga muryarsa daban."

"Me ya sa ba ka gaya min ba? Me na yi maka?"

"Da na gaya miki me za ki yi? Ki sayo min rediyo da kujera mai laushi, ki ajiye ni a gida kamar tsohuwar tukunya. Tun da Innarku ta rasu, in ban ji kukan 'yan tsaki ba ban san gari ya waye ba. Aikin idon kuma tsoronsa nake ji. Na faɗa miki gaskiya, tsoro nake ji."

Hawaye suka ɓalle mata. Amma akwai tambayar da ta fi ƙarfin kuka.

"Ranar da ƙwan suka lalace. Da sha biyun rana. Me ka yi?"

Ya juya ma'aunin a hannunsa.

"Abin da na saba. Na ɗauki ƙwai na ɗora a fatar ido."

"Sai me?"

"Ya ɗan cije ni."

"Baba!"

"Kaɗan ne. Ba zafin da zai sa ka yar da shi ba, amma na san ba nasa ba ne. Har na kama hannun ƙofa zan buɗe. Sai na tuna ranar da aka haɗa na'urar. Kina tsaye a nan, Injiniya na nan. Kika gan ni da ƙwai a ido, kika ce, 'Baba don Allah ka daina ba mu kunya gaban mutane, injin nan ya fi fatar idonka sani, kuma in ka ƙara buɗe ƙofar nan ba dalili sanyi zai kashe mana ƙwai.'"

Ta tuna. Har dariyar da Injiniya ya yi ta tuna.

"Sai na ce a raina, ƙila tsufa ne, ido ya tafi, fatar ma ta bi shi. Abin da aka saya da kuɗi mai yawa ai ba zai yi ƙarya ba. Na saki ƙofa, na rubuta talatin da bakwai da rabi. Ƙarfe biyu ma ban yarda na taɓa ƙwan ba, don kar ya sake gaya min abin da ba na son ji. Na rubuta kawai."

"Kuma ka tsaya gaban mai sasanci ka rantse."

"Kina zaune a gefena. Ban ga fuskarki ba, amma ina jin yadda kike jan hanci. Sati uku ba ki ci abincin kirki ba. Da ya ce, 'Dattijo, ka duba da idonka?' bakina ya riga ni." Ya girgiza kai. "Tun ranar ban sake yin sallar da na ji daɗinta ba."

Auta ta share fuska da gefen mayafi. Ta miƙe zumbur, tsoro ya juye ya zama faɗa.

"To ka ji. Ba wanda ya sani sai ni da kai. Sun samo katin asibitinka, sun kai kotu wai a rushe hukunci. Ban gaya maka ba ne saboda jininka. Za mu ce na bogi ne. Kuma wallahi sai na gano munafukin da ke cin abincinmu yana kai musu rahoto. Cikin ma'aikatan nan ne, na sani. Yau ɗin nan kowa zai tattara nasa..."

"Zauna, Auta."

"Ba zan zauna ba! Wanda ya sayar da kai..."

"Ni na kai masa."

Gurnanin injin ya cika ɗakin.

"Ka ce me?"

"Ni na kai wa Injiniya katin, da ƙafata. Mai kawo mana dusa ne ya ce min an liƙa takarda a ƙofar shagonsa, za a yi gwanjon kayan aikinsa a biya mu. Mutum mai 'ya'ya biyar. Na hau mota na je, na yi ta tambaya har aka kai ni. Na tarar da shi zaune, shago ba kowa. Da ya gan ni, tashi ya yi ya ba ni kujerarsa. Ni da na kashe shi da bakina."

"Na'urarsa ce fa ta lalace!"

"Ban ce ba shi da laifi ba. Yana da shi, kuma zai biya nasa. Amma tsohon nan mai sasanci mutumin kirki ne, ya zauna ya auna komai tsakani da Allah, har kuɗin kwali bai bari ba. Ni na miƙa masa mudu mai huji ya auna da shi. Da ya san abin da na sani, ƙila rabi da rabi zai raba, ƙila ma namu ya fi yawa. Wannan huɗu cikin biyar ɗin ba halalinmu ba ne."

"Baba, ɗaure ka za su yi!"

"Na tambaya, an gaya min." Ya nuna bayan ƙofa da haɓa. "Ga jakata can. Riga biyu, da maganina, da carbi. Ƙarfe uku Injiniya zai zo ya kai ni wurin lauyansa in sa hannu cewa ban ga ma'aunin ba. Kati kaɗai bai isa ba, in ji su, sai na faɗa da bakina. Ke ba ruwanki, ba ki san komai ba, na ce musu kar sunanki ya fito ko sau ɗaya. Da wannan sharaɗin na yarda."

Ya miƙa hannu ya ɗauki ƙwai daga tire, wai zai ƙarasa jerawa kafin a zo.



"Baba... sunana ya riga ya fito."

"Kamar yaya?"

"Daga kotu nake. Na ɗaga hannu na rantse. Na sa hannu cewa ni da idona nake ganin kana karanta ma'auni kullum. An buga hatimi."

Fas!

Shekara ashirin da shida Baba na wannan sana'a, ba a taɓa ganin ƙwai ya suɓuce masa ba. Yau ga shi a ƙasa, ɗan tsakon da ya rage wa kwana uku yana motsi a cikin ɓawo.

"Kira lauyar," ya ce. "Kira ta ta karɓo takardar."

Ta latsa wayar, ta sa a bayyane don shi ma ya ji. Sai da ta kusa tsinkewa aka ɗauka. Cikin kalma goma Auta ta gaya mata komai.



"Ba sai da na ce ki kira shi ba?"

"Barista, ki yi min faɗan daga baya. A karɓo takardar."

"Ta shiga fayil tun ɗaya da rabi, an aika wa lauyansu kwafi. Ba aljihuna ba ne da zan sa hannu in zaro. Ki saurare ni da kyau. In Baba ya sa hannu yau cewa ba ya gani, layi na shida ɗin nan naki ya zama shaidar zur, kuma taki sabuwa ce fil, a gaban kotu kika yi ta. Ban san ko alƙali zai yarda ba ki sani ba, 'yar da ke kwana gida ɗaya da shi. Kar kowa ya sa hannu a komai. Ina gaban wani alƙalin, sai huɗu zan fito. Ki riƙe shi. Ko ƙofa ce ki kulle."

Ƙit, ta kashe.

Baba na zaune, hannuwansa biyu a kan gwiwa, leɓensa na motsi ba sauti. Auta ba ta taɓa ganin tsoro a fuskar nan ba sai yau. Ɗazu da yake maganar a ɗaure shi, ko gezau bai yi ba.

Ɗiiit!

Hon ɗin mota a bakin ƙofa. Ta dubi agogon bango. Uku saura minti biyar.

Aka yi sallama. Injiniya ne tsaye a ƙofa, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Ya ga Auta, ya sunkuyar da kai, ya ɗan rusuna ta wajen Baba.

"Baba, barka da yamma. Lauya na jira. Ya ce in takardarka ba ta shiga ba, jibi da safe masu gwanjo za su buɗe shagon."



Hular Baba na kan teburin awo, kusa da littafin. Auta ta riga shi, ta fizge ta ta ƙanƙame a ƙirji. Ta san ubanta, ko gobara ake yi ba ya fita ba hula.

Baba ya dafa kujera ya miƙe.

"Auta, miƙo min hulata."

"Me za ka je ka ce musu, Baba?"

Ya warware hannun rigarsa.

"Baba, don girman Allah, me za ka ce musu?"

"Hulata, 'yar nan."

Ya miƙa hannu, tafin a buɗe. Ita tana dama da shi. Hannun kuwa hagu ya nufa, wajen buhunan dusa, inda ba kowa.